Ranar da na turnuƙe ɗan takara a Jiratawa

Ko zan manta da komi a duniya, ba zan taɓa mantawa da mitin ɗin Jiratawa ba. Lokacin jam'iyyu sun fito kamar fara, kowa da tutarsa, ni kuma na bar lakwal tun aji biyar, ina kabu-kabu da moton aro a Maraɗi. Wani Alhaji na unguwarmu ta Zariya ya tsaya takarar ɗan majalisa, ya sayo gurup, wato injin ba da wuta, sabo dal, saboda lasifika. Dole ne, don wutarmu daga Najeriya take zuwa, in sun yi atishawa can, mu nan sai duhu.

Ya ce, "Kai ɗan Hajo, ka san inji?"

Na ce, "Alhaji, cikin inji aka yanke mini cibiya." (Ban taɓa ko taɓa gurup ba.)

Ya ce in na riƙe masa shi har ƙarshen yawon neman ƙuri'a, zai saya mini moto nawa na kaina. Nawa fa! Tun a hanyarmu ta zuwa Jiratawa na fara tunanin kalar da zan zaɓa.

To mu 'yan kabu-kabu na lokacin, motocinmu sai an haɗa musu esansi, wato fetur, da baƙin mai, kuma mun yi imani in inji bai hayaƙi ba to yunwa yake ji. Sai na sayi esansin kwalba na bakin hanya, na tuttula masa baƙin mai babu ƙyashi, don abin Alhaji ne, bai kamata a yi masa rowa ba. Ashe shi wanga inji wurin mansa daban yake. Na kuma girke shi bayan rumfar manya, ta inda iska ke busowa, don kowa ya ga wa ke kula da shi.

Alhaji ya miƙe cikin farar shadda, ya kama makirfo. "Jama'a! Ƙarfen uraniyom namu ke haska ƙasar Turawa, mu muna aron wuta! Matanmu na shaƙar hayaƙin itace, daji ya ƙare! In kun zaɓe ni, ba mai sake shaƙar haya..."

Nan gurup ya yi tari. Wani hayaƙi mai kauri ya taso ya shige rumfa, ya lulluɓe Alhaji da maigari da liman. Makirfo bai mutu ba tukuna, don haka duk Jiratawa ta ji tarin Alhaji ta lasifika, har da abin da ya ce game da uwata.

Wata tsohuwa daga cikin taro ta ɗaga murya: "Alhaji, mun gode, a bar mu da na itacen!"

Fili ya ɗauki dariya. Ni kuwa ina durƙushe ina yi wa inji fifita da hulata, kamar mai hura wutar tsire, har ya mutu a hannuna.

Alhaji ya fito idanu jajir. "Ɗan Hajo, ashe 'yan adawa suka turo ka?"

"Wallahi Alhaji, ƙauna ce ta yi yawa."

"To ƙaunar ta kai ka gida."

Da ƙafa na kamo hanyar Maraɗi. Moton da aka yi mini alkawari, wani ɗan Tsibiri aka ba, wanda iyakar iliminsa shi ne bai zuba wa gurup komi ba.

Abin da na koya: ba kowane inji ne moto ba. Kuma in har sai ka yi aikin banza, to ka fara duba inda iska ke kaɗawa, ka ga wa ke zaune can.