Ranar da Na Zuba wa Shinkafa Gishiri da Bakina

Akwai wata Laraba da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina. Lokacin ina koyar da Turanci a wata sakandare a Ƙaraye, kuma a Yammedi, garin surukaina, ana ganin babu abin da ban sani ba. (Ni ma ban taɓa musa musu ba.)

Gonakin rani na garin sun fara fitar da kanwa, ƙasa ta yi fari-fari, shinkafa ta ƙi tashi. Sai ga wata Dakta daga jami'a, 'yar Kudu, ta zo neman izinin ɗiban ƙasa don bincike. Ba ta jin Hausa, dagaci ya aika a kira ni in yi tafinta. Har babbar riga na saka.

A ƙofar gidan dagaci ta yi dogon bayani: suna ɗauko ƙwayar halitta daga wata ciyawa mai rayuwa a ruwan gishiri, su dasa ta cikin shinkafa don ta jure ƙasa irin tamu. Wannan sai daga baya na gane shi. A lokacin kalma biyu kawai na kama, shinkafa da gishiri. Sauran kuwa ni na cike shi da kaina.

"Jama'a," na ce, "an ƙirƙiro shinkafa mai gishirinta a ciki. Dafawa kawai za a yi, ba sai an zuba ba."

Aka yi ta kabbara. Sai Liman, wanda shi ne surukina, ya gyara zama.

"Malam, ni likita ya hana ni gishiri saboda hawan jini. Ke nan in ta zo, na bar cin shinkafa?"

Da na ce bari in tambaye ta, da an wuce wurin. Amma ina!

"A wanke ta sau uku, Baba, zai fita."

Tsofaffi suka fara gunaguni, ashe da yawansu ciwon ke damunsu. Dagaci ya ce ba za a ɗebi ƙasar kowa ba. Dakta ta ga fuskoki sun canza, ta tambaye ni me na gaya musu. Na faɗa mata ina kallon takalmina. Ba ta yi dariya ba (da ta yi, da ya fi mini sauƙi). Ta sake bayanin jimla-jimla, yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya.

Na miƙe na warware maganata: shinkafar ba ta da gishiri, jure shi za ta yi, kuma ba a ma gama aikinta ba.

Liman ya ce, "To wankin sau ukun fa, a ina ta faɗe shi?"

"Wannan nawa ne, Baba."

Dagaci ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Kafin la'asar an ɗebi ƙasa a gona shida.

Tun daga ranar na koyi faɗin maganar nan, "don Allah maimaita mini". Har yau tana yi mini nauyi a baki, amma babu wanda ya taɓa yi mini dariya a kanta.