Yadda Za Ka Tsira da Aikinka Bayan Ka Goge Wutsiyar Ɓerayen Dakta

Kai mai aikin wucin gadi a Abuja, mai tashi kullum da tsoron takardar sallama, matso kusa. Nababa Maude ne ke magana, mai kula da ɗakin ɓeraye a wata cibiyar bincike ta gwamnati, shekara goma sha tara cur. Ban taɓa zama a aji ba, amma na ga zuwan darakta biyar da tafiyarsu, ni kuwa ina nan da tsintsiyata. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na yi maka alkawari, ko wace irin ɓarna ka tafka, Litinin mai zuwa kana bakin aikinka. A jikina na gwada.

Mataki na ɗaya: San abin da za ka ɓata

Jahili ne ke ɓarna a makance. Kai tsaya ka lura tukuna.

Shekarar da wayar salula ta shiga hannun kowa, Dakta Nabilah Zakariyya ta dawo daga karatu ta kawo fararen ɓeraye ashirin da huɗu. Kowanne da takardar haihuwarsa, abin da ni ban da shi. Ta raba su biyu. Sha biyu ta zana musu jar tawada a wutsiya, su ne za su riƙa gudu a kan inji mai bel, rabin awa kowace safiya. Sha biyu ta zana musu shuɗiya, aikinsu ci da kwanciya. Duk mako a ɗebi jininsu a auna yawan fargabar da ke ciki.

Makon farko masu gudu suka sha wuya. Kuka, kashi a kan bel, ido kamar zai faɗo. Da aka kai mako na bakwai, sai ka ga ɓera na gudu yana hamma.

"Ka gani, Baba?" in ji Dakta. "Fargabar ta sauka. Jikinsu ya saba."

"Alhamdulillahi. To sai a bar su su huta, Dakta?"

"A'a, Baba. Sai a ƙara musu gudun."

Ran nan na gane ashe an daɗe ana wannan binciken a kanmu, mu masu layin mota a Karu, jinin ne kawai ba a ɗiba.

Mataki na biyu: Yi ɓarnar da kyakkyawar niyya

Jira sai manya za su zo. Saura kwana uku a rufe binciken, Darakta ya aiko cewa tawaga daga ma'aikata na tafe, yana son komai ya yi ƙyalli.

Komai aka ce, kuma Nababa ba ya rabin aiki. Na juye ɓerayen duka a babban baho ɗaya, na wanke keji da sabulu. Sai idona ya faɗa kan wutsiyoyin nan, duk tawada ta yi musu kaca-kaca, kamar hannun mai rini. Na ce manyan baƙi su ga wannan ƙazanta a ɗakina? Na ɗauko auduga da sifirit. Ɗaya bayan ɗaya, ashirin da huɗu, na goge su tas.

Ka sani, ɓarnar malalaci ƙarama ce. Sai mai ƙwazo ke iya rusa aikin wata biyu kafin ƙarfe tara.

Mataki na uku: Kada ka riga kowa magana

Andrew ne ya fara shigowa, mataimakin Dakta, mai kunna inji da rubutu a littafi. Ya leƙa baho, ya dafe kai.

"Baba! Ina ja? Ina bulu? Kai ya gama da mu! Madam zai kashe ni!"

Ka yi shiru. Riƙe tsintsiya da hannu biyu, ka sunkuyar da kai kaɗan, ba sosai ba.

Dakta ta shigo, ta duba, ta zauna a kan buhun abincin ɓeraye, ita da ko jingina da bango ba ta yi.

"Baba, in ban san wane ne mai gudu wane ne mai kwanciya ba, komai ya tashi a banza. Darakta zai tambayi wanda ya yi, ni kuwa ba zan yi masa ƙarya ba."

A nan ne hatsarin yake. Mai wucin gadi ba shi da fansho, ba shi da ƙungiya, ga baki tara a gida, ga furfura. Kai ka san duk wannan. Fuska dai kada ta sani.

Mataki na huɗu: Fito da abin da digiri bai ba su ba

"Ranki ya daɗe," na ce, "ku tawada kuka sani. Ni ɓerayen na sani."

Wata biyu ina kwashe kashinsu, ai dole mu san juna. Masu gudu na raɗa musu Masinja, Direba, Kuku, Maigadi da sauransu. Masu kwanciya kuwa Babban Sakatare, Sanata, Ɗan Kwangila. Na ce a kunna inji, ni zan faɗi ko wane ne kafin a ɗora shi, inji ya yi shaida.

"Wannan Masinja ne, mai tsagar kunne." Aka ɗora shi, ya kama gudu kamar an aike shi da fayil.

"Wannan Sanata ne." Bel na motsawa ya baje ciki, ya tsala ihu, ya saki kashi uku.

Andrew na duba nauyinsu a littafi yana cewa, "Kwaret, Baba, kwaret." Ashirin da uku, ban kuskure ko ɗaya ba. Kada ka yi murmushi a nan. Gwani ba ya mamakin kansa.

Mataki na biyar: Ajiye sirrin wani don ranar wuya

Wannan shi ne ƙashin bayan darasin. Iyawa kaɗai ba ta hana kora, na ga an kori masu iyawa da yawa.

Na ƙarshe wani ƙato ne mai sheƙi, na sa masa Oga. Ana ɗora shi ya yi taku biyu, ya haye ɗan ƙarfen gefe inda bel ba ya taɓawa, ya zauna yana gyaran gashin baki.

"Wannan na kwanciya ne," in ji Dakta. Ta ƙirga. "A'a. Masu kwanciya sun cika sha biyu. To wannan fa?"

"Ja ne, Dakta. Mai layi huɗu a wutsiya."

"Lamba huɗu? Wanda ya fi kowa sabawa? Shi na nuna wa Darakta a taro! Jininsa ne ya fi na kowa kwanciya!"

"Dole ya kwanta, ranki ya daɗe. Tun mako na biyu ya gano ƙarfen nan. Bai sake gudu ba."

"Amma littafi ya ce minti talatin kullum."

Ban kalli Andrew ba. Wayar da ke aljihun rigarsa na kalla, sabuwa dal, wadda ba ta samun sabis sai a gindin mangwaron waje. Dakta ta bi idona. Andrew ya fara nazarin takalminsa.

Lura da kyau, ban kai ƙarar kowa ba. Kallo na yi.

Mataki na shida: Bar masu ilimi su yi shawara

Yanzu laifi ya zama na mutum uku: mai goge wutsiya, mai kunna inji ya fita, da mai tsayawa gaban Darakta ta yabi ɓeran da ke zaune. Laifin mutum ɗaya sunansa sakaci. Na mutum uku sunansa sirrin ofis.

Dakta ta daɗe tana kallon Oga.

"Andrew, cire lamba huɗu, ka rubuta ya ƙi gudu. Ka sake zana sauran. Baba, don Allah, don girman Allah, kada ka sake wanke abin da ban ce ka wanke ba."

"An gama, Dakta."

Tawaga ta iso da azahar cikin manyan motoci. Suka zo bakin ƙofa, wari ya gaishe su, shugabansu ya toshe hanci da hankici ya ce aiki ya yi kyau. Aka ɗauki hoto a waje. Ba wanda ya ga wutsiya ko ɗaya.

Mataki na bakwai: Ɗauki darasi daga wanda ya rage

Ranar Alhamis aka rufe bincike. Ka san yadda ake rufe shi? Aka sa wa ashirin da ukun nan maganin barci, aka buɗe su, aka auna zuciya da 'yan kayan ciki. Masinja da ya yi gudu tsakani da Allah har jikinsa ya saba, shi aka fara ɗauka, don sakamakonsa ya fi kyau. Ni na kwashe su. Ban ci abincin rana ba, amma wannan ba ya cikin matakai.

Oga kuwa, tunda an cire shi daga takarda, ba wanda ke da aiki da zuciyarsa. Yana nan a kejin lungu, yana cin gyaɗar da nake kawo masa. A rahoto an gode wa Darakta da bai taɓa shiga ɗakin ba. Ba sunana, ba sunan Oga. Mu biyu ne kuma har yau muke ɗakin.

Saboda haka nemi ƙarfen gefenka. A gan ka a kan inji kullum, amma kada ka yi fice har a so ganin abin da ke cikinka.

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan aka kore shi, Nababa bai san shi ba, bai taɓa ganinsa ba. Da babban yatsa nake sa hannu, ka duba takardar nan sama da ƙasa, ba yatsana a jiki. Kada ka zo Karu nemana, kada ka aiko matarka. In ka tsinci kanka a gida ba aiki, kwantar da hankalinka. Dakta ta auna da jini, makon farko ne mai wuya. Daga nan jiki zai saba.