Rasuwar Pampon Akwatin Kifin Shu'aibu Direba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da 'yar kunya a gefe, ni Shu'aibu, tsohon direban kamyo, babbar motar kaya, na hanyar Maraɗi zuwa Kutanu, mazaunin Madarumfa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Pampo, ɗan injin da ke juya ruwa a akwatin gilashin kifina. Ya cika ranar Talata da hantsi, cikin wannan shekara ta 1996, bayan jinyar kwana tara. A hannuna ya cika, kuma in za a faɗi gaskiya, hannun nawa ne ya ƙarasa shi.

Marigayin bai kai dunƙulen hannu ba. Na same shi shekara shida da suka wuce a tashar jiragen ruwa ta Kutanu, wurin wani ma'aikacin jirgi da zai koma ƙasarsu, haɗe da akwatin da 'yan kifayen teku. Na ɗora su a gaban mota, na taho a hankali kamar na ɗauko mai naƙuda. Tun daga ranar mutanen garinmu suka san an jarrabe ni. Ga tabki a bayan gida cike da tarwaɗa, ni kuwa ina kiwon kifin da bai kai ɗan yatsa ba, ba a cinsa, kuma ba ya zama sai a ruwan teku da direbobi ke kawo mini cikin jarka.

An shaidi marigayin da haƙuri da riƙon aiki. Bai san Juma'a ba, bai san Salla ba. Maganarsa ɗaya ce, "zuuu", ba ya ɗaga murya. Tun da ciwon baya ya sauke ni daga mota, kusa da shi nake shimfiɗa tabarma. In ya kaɗa ruwan, kifayen suka bi suna lilo, sai in ga bakin tekun nan da na san ba zan ƙara takawa ba. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Ciwon ajali ya fara masa da tari, "kar-kar-kar", ya yi shiru, ya sake tashi. Mai ɗakina Balaraba ta ce in kai shi Maraɗi wurin Ɗan Baba mai gyaran rediyo. Na ce mutumin da ya sauke injin kamyo a bakin hanya ba zai kai wannan ɗan abu wurin wani ba. Na buɗe cikinsa da wuƙa, na wanke, na shafa masa man mota, na rufe. Da na duba farantin da na zuba kayan cikinsa sai ga wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar wake ya rage. Na yanke hukuncin cewa dama ba shi da amfani. Na haɗa wuta. Marigayin ya ce "ƙit", ƙauri ya tashi. Kalmarsa ta ƙarshe ke nan.

Ya rasu ya bar kifaye uku, da tiyo ɗaya, da wani farin dutse mai ramuka, da ni. Kifayen yanzu biyu ne, kuma wajibi ne in bayyana dalili.

Kifin teku ba ya jure ruwan da ke tsaye, don haka tun kafin gawa ta huce na shiga neman magaji. Maƙwabcina Maman mai lambu ya ara mini injinsa na ban-ruwa, ya ce ai duk pampo pampo ne. Muka tsoma tiyo, ya ja igiya. Kafin in ce a kashe, teku ta koma tsakar gida. Biyu muka tsinto a gindin turmi. Na ukun, mai ruwan ɗorawa, wanda na fi so, kazar Balaraba ta riga mu. Allah ya sa hutu ne.

Daga nan na kai kaina wurin Ɗan Baba, ina sunkuye. Ya ba ni pampon da ke fesa wa gilashin mota ruwa. Wannan ya yi kwana huɗu yana tofi kamar raƙumi, gishiri ya cinye shi, ya bi marigayin.

Ranar da wannan ma ya mutu, Balaraba ta ɗauki gawar farko ta kifa ta, ta ce, "Malam, wannan rubutun na cikinsa, ka taɓa karantawa?" Ban taɓa ba. 'Yarmu Asma'u, wadda ke koyarwa a lakwal, makarantar boko, ta duba ta ce lita ɗari uku a awa, na ruwan gishiri. Shekara shida marigayin yana ɗauke da wasiyyarsa a ciki, ni ina tambayar masu lambu. Yanzu dai an san wanda ake nema: ƙarami, mai kwana cikin ruwa, wanda gishiri ba ya ci, kuma wanda ba zan taɓa kusantarsa da wuƙa ba.

Game da jana'iza, ba za a binne marigayin a Madarumfa ba. An naɗe shi cikin tsohon ɗankwali, zai bi kamyon Juma'a zuwa Kutanu, a nuna shi kanti-kanti har a sami mai kama da shi, sannan a sada shi da tekun da ya yi wa hidima daga nesa. Direban ya ce tafiya da dawowa kwana goma sha biyu ne, in hanya ta yi kyau.

Za a yi zaman makoki a zaurena har motar ta dawo. Ba a buƙatar goro. Marayun cikin akwatin ne ke buƙatar ruwa mai motsi, ni kuma kafaɗata ta gaza. Duk wanda ya zo gaisuwa, bayan addu'a za a miƙa masa ludayi, ya zauna gaban akwatin ya yi ta kaɗawa a hankali har na bayansa ya iso.