Ramin da Na Cike a Filin Golf

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na cike ramin mutane ba, ko da na so in manta, don matan kasuwar Naif ta nan Dubai ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga kasuwa sai wata ta leƙo daga shagon jakunkuna ta ce, "Maman Hanifa, ga wani rami can bakin titi, ko za ki taimaka mana?" Ni ma dariyar nake yi. To me zan yi?

Mijina, Abban Hanifa, yana aiki a wani kamfanin kago, masu aika kaya ƙasashe, a kasuwar Murshid Bazaar, wurin wani Alhaji mutumin Maraɗi da ke sayo injinan mota na hannu daga Japan, a sauke su nan Dubai, a sake ɗaure su zuwa Kano da Yamai. Aikin mijina ɗauri ne da lodin kwantena. Muna zaune a Bur Dubai, a ɗaki ɗaya da aka yanka daga falon wani filat da katako (in maƙwabcinmu ya yi atishawa mu muke ce masa yarhamukallah). Tun da haya ta tashi albashin ya daina ɗaukar mu uku. Abban Hanifa bai ɓoye mini ba. Ya ce in bizarmu ta ƙare ba a ƙara masa matsayi ba, ni da Hanifa gida za mu koma, shi ya zauna a ɗakin gwauraye. Yarinyar da ko abinci ba ta ci sai a cinyar ubanta.

Sai ga wata ƙofa ta buɗe. Duk shekara Alhaji yakan je Japan wurin wani tsoho da suke kasuwanci tare. Ba a ofis suke zama ba. Garin tsohon a bakin teku yake, suna buga golf a kan wani tudu, teku na ƙarƙashinsu, in sun gama su shiga ruwan zafi da ke ɓulɓulowa daga ƙasa, su ci ɗanyen kifi (Allah Ya raba mu), a nan ake ƙulla cinikin shekara. Bana Alhaji ya ce gwiwa ta fara ba shi labari, zai tafi da yaro ɗaya ya nuna wa tsohon, daga nan wannan yaron ne mai sayo kaya. Mutum biyu ake kallo: mijina da wani Bashir.

Wayyo, zo ki ga Abban Hanifa. Ya samo tsohuwar sandar golf, ya sa hoton filin nan na Japan a fuskar wayarsa, koren tudu da shuɗin ruwa da wasu bishiyoyi da iska ta karkatar. Kullum ya dawo aiki sai ya kwantar da kofin shayi a kan darduma, ya riƙa tura 'yar farar ƙwallo tana shiga ciki. Ni a zatona ya sa kofin ne don kada ƙwallon ta shige ƙarƙashin gado. Ban tambaya ba. Ban gama firamare ba, kuma tun da na zo garin nan na koyi wata dabara: in ban gane abu ba sai in gyaɗa kai in ce "haka ne." Dabarar nan ta daɗe tana rufa mini asiri, har ranar da ta tona shi gaba ɗaya.

Da sanyi ya shigo tsohon ya kawo ziyara Dubai. Alhaji ya shirya masa wasa a wani filin golf, aka ce ma'aikata su zo da iyalansu a karya kumallo a can. Mijina aka zaɓa ya riƙe wa tsohon jakar sanduna, kowa kuma ya san abin da hakan ke nufi. Tun a mota yake ja mini kunne.

"Ki zauna inda aka ajiye ki. Ki riƙe Hanifa. Kada ki taɓa komai."

"Haka ne," na ce.

Aka ajiye mu mata a wata baranda mai kujerun kaba. Hajiya Rabi, matar Alhaji, tana ta Faransanci a waya, matar Bashir tana Turanci da mai kawo shayi kamar tare suka tashi. Ni kuwa na ƙanƙame kofina da hannu biyu ina addu'ar kada a tambaye ni komai. Ina cikin lura da yadda suke riƙe cokali mai yatsu, na waiga, babu Hanifa. Wani alhudahuda ta gani a ciyawa ta bi shi. Ban gaya wa kowa ba, na zame ta bayan shingen furanni, na bi wata 'yar hanya, na haura wani tudu ina kiran sunanta.

Can na same ta, ta tuɓe takalma tana tsalle a kan wata ciyawa da ban taɓa ganin irinta ba, sumul kamar kafet ɗin masallaci. Har na fara sauke ajiyar zuciya. Sai na ga ta tsuguna a gindin wata tuta tana shirin zura hannu a rami.

'Yar'uwa, ki bari in kare kaina kaɗan. A ƙauyenmu ƙanina Auwalu ya taɓa zura hannu a rami bayan rumbu yana neman gafiya, abin da ke ciki ba gafiya ba ne. Ya rayu, amma yatsunsa biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Tun daga ranar Inna ba ta wuce rami, ko na waye, sai ta cike shi, haka kuma ta tarbiyyantar da mu. Sannan duk wanda ya zauna a Kano ya san in kwalbati ya fashe ana kafa reshen bishiya ne ko tsohuwar taya don kada mutum ya faɗa. Da na ga tutar nan sai na ce, oho, wannan shi ne reshen masu kuɗi. Har tsaki na yi. Duk dukiyar nan an kasa cike rami ɗaya, sai dai a kafa masa tuta?

Na fizge Hanifa na leƙa. Na lura ramin an yi masa baki da farar roba, a tsaftace, sai na ce bututun ruwa ne murfinsa ya ɓata, irin wurin da kunama ke so. Na ɗaga kai, ga wani kwari a gefe cike da farin yashi mai laushi, har da manjagara a ajiye. Shi ke nan, lissafina ya cika: an ma kawo yashin, leburori ne suka yi lalaci.

Na zare tutar. Na riƙa ɗebo yashi da gefen mayafina ina zubawa, Hanifa na taya ni da takalminta. Na danna da dunduniya. Na tsiyaya ruwan gorarta don ya kama, na ƙara yashi, na sake dannawa (in zan yi aiki ba na yin rabi, wannan kowa ya shaide ni). Sannan na soke tutar a tsakiya don masu wurin su ga an hutar da su. Na ja 'yata muka koma inuwar wata bishiya ina kakkaɓe mata ƙafa, zuciyata fari ƙal, ina jin yau dai na yi abin kirki a garin mutane.

Sai na ji tim! Wata farar ƙwallo ta faɗo daga sama ta bayan tudun. Ta yi tsalle, ta sake yi, sannan ta kama gangarowa a hankali, tiryan-tiryan kamar an kira ta da suna, har gindin tutar. Ta hau kan yashina ta zauna.

Daga nesa ihu ya tashi. Na ji muryar Alhaji yana cewa, "Ta shiga! Wallahi ta shiga!" Ƙananan motocin nan marasa ƙofa suka ɓullo a guje. Tsohon ne ya fara dirowa, ɗan ƙaramin mutum da farar hula, yana gudu kamar yaro an taso daga makaranta. Bayansa mijina da jaka a kafaɗa, bakinsa har kunne. Rabon da in ga wannan fara'ar a fuskarsa tun ranar sunan Hanifa.

Suka iso. Suka tsaya. Ƙwallo na zaune a kan yashi kamar ƙwai a faifai. Kowa ya zuba mata ido.

"Wa ya yi wannan?" in ji Alhaji. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Faransanci, ya juya ga ma'aikacin filin ya faɗa da Larabci.

To ga inda nake so ƙasa ta tsage in shige duk lokacin da na tuna. Ni na ɗauka nema ake a yi godiya. Na gyara mayafina mai yashi, na fito daga inuwa riƙe da hannun Hanifa, na durƙusa cikin ladabi na ce, "Ni ce, Alhaji. Ba komai wallahi, ai yi wa kai ne. Kada wani yaro ya zura hannu."

Jakar sanduna ta zame daga kafaɗar mijina ta faɗi ƙasa.

"Baiwar Allah," in ji Alhaji, "kin san ramin nan shi ne wasan? Duk filin nan, duk ciyawar nan, saboda shi aka yi su! Tsohon nan tun kafin a haifi mijinki yake neman ya jefa ƙwallo cikin rami da bugu ɗaya. A ƙasarsu walima ake yi wa wannan. Yau Allah Ya kawo, ke kuma kin zo kin yi daɓe!"

A lokacin ne kofin shayin nan na kan darduma ya faɗo mini a rai. Ashe ba don ƙarƙashin gado ba ne.

Tsohon ya tambayi abin da ake cewa. Bashir ya matso ya fassara masa da Turanci, a nutse, bai rage ko kalma ɗaya ba (Allah Ya saka masa daidai aikinsa). Na jira tsawa. Da ma ya yi tsawar. Sai tsohon ya daɗe yana kallon ƙwallon, ya cire hularsa, ya juyo gare ni ya sunkuya. Ni kuma na ga babba ya sunkuya mini, sai na ƙara durƙusawa. Ya ƙara sunkuyawa. Na kai gwiwa biyu ƙasa. Da ba don Hanifa ta ruga ta ɗauke ƙwallon tana cewa "Umma, ƙwai!" ba, ina jin da har yanzu muna can. Mijina ya yunƙura zai karɓe, tsohon ya ɗaga hannu ya hana shi. Idanun tsohon sun yi ja.

Ma'aikacin filin ya tsuguna yana tonon yashin da yatsu, ya ƙi fita don na danna shi da kyau. Na ce bari in taya shi. Ya ce, "Khalas, madam. Khalas."

Da yamma muka hau abra, kwale-kwalen fito na garin, za mu tsallaka gida. Muna kaiwa tsakiyar ruwa Abban Hanifa ya juyo gare ni.

"Na ce kada ki taɓa komai."

"Rami ne, Abban Hanifa."

"Na sani." Ya share fuska da tafin hannu. "Laifina ne. Kullum kina kallona da kofin nan, ban taɓa gaya miki ba."

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na sa mayafi na rufe fuska, yashin da ya maƙale a jiki ya shiga idona, na samu abin fakewa.

Bayan tsohon ya koma, Alhaji ya kira mijina ofis. Ya ce, "Bon, ba wai saboda madam ba ne, ka gane. Amma duk ranar da tsohon nan ya ga fuskarka, me zai tuna?" Bashir aka tafi da shi. Matarsa ta riƙa sa hotuna a waya: ga tekun, ga karkatattun bishiyoyin, ga Bashir da farar hula a kan tudu, ga shi nannaɗe da tawul a bakin ruwan zafi. Wurin ya fi na fuskar wayar mijina kyau. Ni duk hoton da na buɗe sai in ja shi da yatsu biyu in nemo tutar. Ga ramin nan a gindinta, baki buɗe, teku guda a gefe, babu wanda ya damu.

Yanzu haka ina rubutun nan ne a kan katifa, don gadon an sayar. Kayanmu na Murshid Bazaar, kuma uban Hanifa da kansa ya ɗaure su, ɗauri mai kyau, ai sana'arsa ce. Ya cire hoton Japan daga wayarsa ya sa na Hanifa. Sandar golf ɗin tana saƙale tsakanin katako da taga, a kanta nake shanya. Hanifa ba ta san komai ba, tana kwana da ƙwallonta a hannu, ta ce za ta kai wa Inna ta dafa mata. Jiya ta tambaye ni ko Abba zai zauna kusa da ita a jirgi. Na gyaɗa kai na ce, "Haka ne."

An ce matambayi ba ya ɓata, ni kuwa na ɓata a fili fetal da rana tsaka, na ɓatar da mutum uku. Inna ta koya mini ramin maciji, malamin islamiyya ya koya mini ramin mugunta, babu wanda ya gaya mini akwai ramin da ake hawa jirgi a je a nema. Don haka 'yar'uwa, in kin ga rami an kafa masa tuta, ga yashi a gefe, ga manjagara, kuma babu wanda ya cike shi, to ba lalaci ba ne. Na masu kuɗi ne. Ɗauki 'yarki ki wuce.