Ranar da na wanke hannu a romon Shanghai

Duk Zongon Lome an san ni a gidan biki. Yarinya ta miƙo mini tuwo ba ruwan wanke hannu, ranar sai ta yi kuka. To, ni ɗin nan ce na je Shanghai.

Mun gama lodin atamfa, sai ɗan Chinan da muke saye a wurinsa ya ce ranar ƙarshe ta yawo ce. Ya nuna mana benaye masu taɓo gajimare, ya sa mu a jirgin ruwa, bayan azahar ya kai mu gidan abincin Musulmi.

Aka fara ajiye babban kwano a gabana, ruwa garau mai ɗumi, ɗan ganye na yawo a kai. Na dubi Rabi, 'yar ƙanena mai yi mana tafinta, na ce, "Kin ga tarbiyya? Har da ganyen ƙamshi. Ku koya."

Na naɗe hannun riga, na tsoma hannu biyu, na cuɗa har tsakanin yatsu. Sannan na tura wa abokiyar tafiyata Hajiya Ladi, tunda ita ke bi na.

Mutumin ya daskare da cokali a hannu. Rabi ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Tanti, c'est la soupe! Romon kifi ne, tun asuba ake dafa shi dominki!"

Wallahi sai a lokacin na ji ƙarni.

Shekara uku ke nan. Har yau in na shiga gidan suna a unguwarmu ta Agoè, daga madafa ake ihu: "Ku rufe miya, ga Hajiya!"