Gaisuwar Da Na Goge Ta Dawo

Ba zan taɓa mantawa da bikin Yaya Hadiza a Salaga ba, ko da na so in manta.

Duk bidiyon bikin a kwamfutata aka zuba, sai Yaya ta zo kallo ta goge su gaba ɗaya bisa kuskure. Ga dangin ango sun taho tun daga Yendi, suna jira su gani kafin su hau mota. Ta ɗora hannu a ka tana salati. Ni kuwa na gyara hula, ranar nuna gwaninta ta zo.

"Kada wanda ya taɓa kwamfutar nan!" na ce. Na yi musu bayani (ba wanda ya tambaye ni) cewa abin da aka goge yana nan kwance, sabon abu ne in ya hau kansa yake kashe shi. Na kwafe ɓangaren diskin nan kaf zuwa wani diski daban, na ajiye na asalin, na sa manhajar dawo da fayil ta yi aiki a kan kwafin. Wallahi har nan ban yi kuskure ba.

Komai ya dawo, sai dai babu suna, lambobi kawai. Mai hankali zai duba tukuna. Ni sai na jona da talabijin, falo cike, na danna na farko.

Sai ga ni. Daga ni sai singileti, na tsuguna gaban kwamfuta ina koyon gaisuwar Dagomba mutanen Yendi, "Naa, naa," ina gwada roƙon a ba ni auren budurwata Sanatu. Da na tsuguna karo na uku sai na kife. Wata biyu ke nan da na goge wannan abin kunya! Kuma mahaifin Sanatu, kawun ango, yana zaune a kujerar gaba.

Falo ya fashe da dariya, Yaya har da hawaye. Na nemi madannin kashewa na rasa.

Tsohon ya share idonsa ya ce, "Yarona, tsugunon bai yi ba, amma maganar ta yi. Turo manyanka Yendi."

Bidiyon biki ya fito cif, ni ma na samu mata. Har yau ina kwafe diski kafin in dawo da komai, amma yanzu ni kaɗai nake fara kallo, ƙofa a rufe. Sanatu kuwa ta yi wa bidiyon tsugunona kwafi uku.