Yadda Ake Burge Suruki da Dusar Inabi

Kai da surukinka yake wa kallon zauna-gari-banza, matso kusa. Matakan nan huɗu ba sa kuskure. A gabana maƙwabcina Telmo, mai bincike a jami'a, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a nan garinmu Pinhão.

1. Yi takara da awaki

Idan an gama matse inabin giya, tsoho Custódio, uban matar Telmo, yakan zuba wa awakinsa ɓawon da 'ya'yan. Kai ka riga su. Telmo da buhu ya zo.

"Yanzu digirin naka har ya kai ka cin abincin dabbobina?" in ji tsohon.

"Baba, akwai sinadari a ciki mai hana jiki tsatsa."

"Ni ƙofa ce?"

Kada ka tanka. Mai ilimi murmushi yake yi.

2. Yi abin da ido ba ya gani

Ciki yakan lalata sinadarin tun bai isa jini ba. Saboda haka sai ka naɗe shi cikin ƙwayoyin mai ƙanana, waɗanda dubunsu ba su kai kaurin gashi ba. Shekara uku Telmo yana wannan naɗi. Daɗin abin, ba wanda zai ce ba ka yi ba.

3. Kai shi gidan surukai

Ranar Lahadi Telmo ya zo da kwalba guda ta ruwan ƙwayoyin nan, ita ke nan gare shi, Litinin za a gwada ta a birnin Porto. Ya ɗaga ta sama. Custódio ya sa tabarau.

"Ruwan wankin shinkafa ne wannan?"

Sai ka ajiye ta a firij. Kada ka rubuta komai a jiki, rubutu raina mutanen gida ne.

4. Ci abin da aka ba ka

Surukar Telmo, Idalina, ta kawo busasshen kifi da dankali. Telmo ya yi ƙari har sau biyu kafin ya tambayi sirrin.

"Ai ruwan tsamin nan naka ne, ɗana. Ya ɗan yi salam, sai da na juye duka."

Cokali ya faɗi daga hannun Telmo. Custódio ya suɗe yatsa, ya dafa kafaɗar surukin nasa a karon farko tun ɗaurin aure.

"Ashe kana da amfani. Mako mai zuwa ka kawo babbar kwalba."

Gargaɗi: wanda ya bi wannan ya rasa aikinsa, ba da yawuna ba. Ni kifi kawai aka gayyace ni ci.